Sa Hannun Injiniya Kalchev

A garinmu Ruse, idan ka shiga bene mai lamba goma sha huɗu ka tambayi wace ce Nevyana, amsa ɗaya za a ba ka: matar Injiniya. Ba wanda zai ƙara maka da cewa ta yi shekara ashirin da shida tana fassara littattafan injinan jirgin ruwa a wata masana'anta da ke bakin kogin Danub, har ranar da aka garƙame ƙofar masana'antar. Ba kuma wanda zai ce maka Turancin da ke kanta ya fi na malaman makarantar unguwar. Su dai sun san ta da jakar cefane da takalmi mara tsini, da gaisuwar da ba ta wuce kalma biyu.

'Yar wani ma'aikacin jirgin ƙasa ce mai suna Doynov, mutumin da ya sayar da gonar inabinsa don ta yi karatu. Tana da shekara ashirin da huɗu ta auri Zdravko Kalchev, injiniyan lantarki, dogo mai faɗin kafaɗa, mai muryar da ke cika ɗaki. A faɗi gaskiya, bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Shi makaminsa gyara ne. Ya gyara mata gishirin miya, ya gyara mata shanyar safa, ya gyara mata labarin ƙuruciyarta a gaban baƙi, ya ce ba a shekarar da ta faɗa abin ya faru ba. Baƙi su yi dariya, ita ma ta taya su, ta tashi ta kawo kofi.

Da kwamfuta ta shigo gari Injiniya ya koma kanta, ya shiga sahun masu aikin sa kai a wata manhaja da masu rubuta manhajoji ke amfani da ita a duniya. Aikin manhajar ɗaya ne, ajiye tarihi. Duk wanda ya taɓa layi ɗaya a cikin aiki, sai ta rubuta sunansa da ranar da ya taɓa, kuma ba ta mantuwa. Bayanan taimakonta, wato rubutun da ke fitowa a allo yana gaya wa mutum yadda zai yi kaza ko dalilin da kaza ya ƙi, duk da Turanci suke. Aka yi cigiyar wanda zai mayar da su Bulgariyanci ya zama wakilin harshen. Injiniya ya ɗaga hannu, alhali Turancinsa bai wuce na sayen giya a tashar jirgi ba.

Ranar ya dawo gida da takardu cike da hammata, ya zube su a teburin kicin kusa da kwanon wake.

"Ke, ɗan leƙa min wannan kafin ki ɗora tukunya," in ji shi. "Abu ne mai sauƙi, lokaci ne ba ni da shi."

Leƙen da ta yi ke nan har shekara goma sha shida. Ita ta rubuta da fensir a littafin 'yan makaranta, shi ya buga a kwamfuta ya aika da mabuɗinsa, wato shaidar sirri da ke nuna shi ne ya aika. Ko sisi ba a biyan kowa. Abin da ake samu suna ne, kuma sunan na wanda ya aika ne. Layi dubu biyar da ɗari uku, gefen kowanne an rubuta Z. Kalchev. Duk bazara ana gayyatarsa taro a Sofiya, babban birnin ƙasarmu, ya sa kwat, ya hau mumbari ya yi bayanin wahalar fassara, ya dawo da riga mai tambari da hoton da aka ɗauke shi. Nevyana ce ke goge kwat ɗin, ita ce kuma ke rubuta jawabin.

Kada a ce dole aka yi mata. Tana son aikin, so na gaske, fiye da yadda ta so wani abu tun bayan da 'yarta ta tafi Jamus. Sai ta kwana uku kalma ɗaya na yi mata yawo a ka, tana cikin wanke-wanke kalmar ta faɗo, ta ruga da kumfa a hannu ta rubuta. Tana jin daɗin tunanin cewa wani yaro a wani ƙauye, aikinsa ya rikice, zuciyarsa na bugawa, zai karanta jimlarta ya gane abin da zai yi. Tsananin kunya ya hana ta taɓa cewa a sa sunanta. Shi kuwa bai taɓa tayi ba.

Abu ɗaya ya daɗe yana ci mata tuwo a ƙwarya. Waɗanda suka rubuta Turancin ba su yi tunanin mai fassara ba. Sun yayyanka jimloli gunduwa-gunduwa, kai a nan, ciki a can, wutsiya a wani wuri, na'ura ce ke liƙa su. Mai fassara sai a miƙa masa wutsiya kaɗai a ce ya faɗi dabbar. Nevyana ta zauna ta rubuta wasiƙa mai shafi huɗu, da misalai, tana roƙon a tsabtace bayanan a mayar da su cikakkun jimloli. Injiniya ya sa hannu ya aika wa Duarte, wani Bature mutumin birnin Porto da ke shugabantar masu fassara na duk harsuna. Duarte ya yaba ƙwarai, aka amince, har aka riƙa kiran aikin da sharar Kalchev. Sharar ta ci shekara biyu ana yi.

Ana cikin haka, wata safiyar Fabrairu, Injiniya ya faɗi a banɗaki. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannu da ƙafa, baki ya karkace. Nevyana ta koyi juya ƙaton mutum a gado, ta koyi aski, ta koyi zubar da kwanon fitsari ba tare da fuskarta ta nuna komai ba. Cikin duk abin da ya kwanta a jikinsa, harshe ne ya fara tashi. Kalmar farko da ya furta sarai, game da miyar da take ba shi ce, ya ce ta yi sanyi.

A watan Satumba wasiƙar Duarte ta iso. An gama shara. Layi dubu ɗaya da ɗari tara sun sake kama, saboda haka tsohuwar fassararsu ta tashi aiki, sai an yi sabuwa. An ba da mako uku. Duk harshen da bai kai kashi takwas cikin goma ba za a cire shi daga sabuwar fitowar manhajar baki ɗaya.

Ta karanta masa a bakin gado.

"To me kike jira?" ya ce.

"Wa zai buga, Zdravko? Hannunka…"

"Ke ba ki da yatsu? Ki buga. In kin gama ki kawo in aika."

Lokacin gashin tattasai ne, duk unguwar ta turnuƙe da ƙamshinsa. A gaban bene maƙwabciyarta Temenuga ta kafa murhu tana gasawa, tana ɓare fatar, tana haɗa miyar tattasan da muke kira lutenitsa ta zuba a kwalabe don hunturu. Bazawara ce mai bakin reza, ta binne miji biyu, kuma ba ta ce ta yi kewar ko ɗaya ba. Ita kaɗai ta san sirrin littattafan fensir, don ta sha shigowa aron sukari ta tarar da ita a kai. Nevyana ta sauko shan iska na minti goma, ta zauna tana taya ta ɓara.

"Maƙwabciya, idonki ya yi ja kamar tattasan nan," in ji Temenuga. "Jarrabawar Injiniya ce ta sake tasowa?"

"Aiki ne ya ɗan yi yawa."

"Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da can kin ce shi ke bugawa, to mun ji. Yanzu fa? Da hanci yake bugawa?"

"Ki rage murya, tagarsa a buɗe take."

"Ya ji mana, me zai yi, ya sauko?" Ta ɗauki alƙalami mai kauri ta rubuta a murfin kwalba. "Duba nan. Temenuga, da shekara. Miyar tattasai ce fa, amma sai na sa sunana, don kada surukata ta kai wa danginta ta ce ita ta yi. Ke shekara goma sha shida kina dafawa, murfin na wani. Wallahi ko jaki ya fi ki wayo, shi ko ba komai yana harbi."

Nevyana ta yi dariya, amma maganar ta bi ta har hawa na biyar. Abin mamaki, da ta zauna gaban kwamfutar sai ta tarar ba baƙuwa ba ce. Ba ta taɓa danna ko umarni ɗaya ba, amma duk ta san su, don ita ta fassara bayaninsu. Ta buɗe shafin da ke koyar da yadda sabon mutum zai yi rajista ya ƙera mabuɗinsa, ta ga jimlolinta ne ke yi mata jagora, mataki bayan mataki, kuma ba inda suka ɓatar da ita. Da aka zo gurbin suna ta daɗe tana kallon allo. Sannan ta rubuta Nevyana Doynova, sunan da ubanta ya biya wa kuɗin makaranta.

Kwana goma sha tara ta yi, tsakanin juyi da wanka da magani. Wannan karon aikin ya yi mata daɗin da bai taɓa yi ba, don jimlolin cikakku ne, kamar yadda ta roƙa. Ranar Talata da hantsi ta danna aikawa. Sunanta ya fito a jerin aikin da ke jiran karɓa, a fili, inda duk duniya za ta gani. Ta tashi ta zagaya kicin sau biyu ba ta san abin da take nema ba.

Kafin azahar Duarte ya amsa. Ya yi mata maraba, ya ce aiki mai yawa haka daga sabon hannu abin a jinjina ne. Sai dai shi ba ya jin Bulgariyanci, kuma ƙa'idarsu ita ce ba fassarar da ke shiga sai wakilin harshen ya sa hannu. Ya riga ya sanar da Malam Kalchev. Kalma ɗaya ta isa, ya rubuta cewa ya amince.

Ta kai masa kwamfutar a kan faranti, tare da banitsa, wainar fulawa mai zafi da ta gasa da cukwin da yake so. Ta gyara masa matashi. Ya karanta a hankali da ido ɗaya a kanne.

"Wace ce Doynova?"

"Ka san ta. Ka aure ta shekara arba'in da uku."

"Ni Kalcheva na aura."

"Zdravko, sau ɗaya ne. Layi fiye da dubu uku suna nan da sunanka, ba wanda zai taɓa su. Waɗannan kaɗai nake so. Kalma ɗaya za ka rubuta."

Gefen bakinsa mai rai ya motsa.

"Jingina min ita a ƙirji," ya ce. "Ki fita, ba na son a tsaya min a ka."

Ta koma kicin. Tana jiyo ƙarar maɓalli ɗaya-ɗaya, yatsan hagu yana lalube. Minti biyar, minti goma, rabin awa. Kalma ɗaya ba ta cin rabin awa, don haka zuciyarta ta raya mata cewa bayani yake yi, yana gaya musu gaskiyar shekarun nan. Ta ji tausayinsa ya kama ta, ƙaton mutum yana fama da yatsa ɗaya saboda ita. Har ta sauko da ƙananan kofunan bikinsu daga saman kabad ta ɗauraye, ta ce yau ko likita ya hana sai ya ɗanɗana barasar da muke kira rakiya.

Da ya kira ta, ya juya mata allon da kansa. Ya rubuta a ƙarƙashin aikinta, da gurgun Turancinsa, inda kowa ke karantawa: "Ban amince ba. Wannan mutum ɗan koyo ne. Ta kwaikwayi salona ba tare da ganewa ba. Kurakurai da yawa. Zan aiko da daidai nan kusa."

Ta karanta sau biyu. Akwai kuskure huɗu a Turancin, kuma abin da ya fi ba ta haushi da kanta shi ne hannunta ya yi ƙaiƙayin gyara masa su.

"Wane kuskure ka gani?" ta tambaya.

"Ban duba ba."

"Ka san wanda ya yi aikin nan tun farko."

"Na sani. Ke ma kin sani. Mutum na uku ne ba na so." Ya share miyau da bayan hannun hagu. "Kina zaton su wawaye ne? Yau na kwanta, gobe wata Doynova ta fito da salo irin nawa sak, daga gari ɗaya. Mako guda ya isa su haɗa lissafi. So kike a ce mutumin da ke fitsari a kwano, wancan aikin ma ba nasa ba ne? Hannu ya tafi, ƙafa ta tafi. Sunan kaɗai ya rage min."

"Ni fa, me ya rage min?"

"Ke kina da ƙafafu," in ji shi. "Ɗauke banitsar nan, ta huce."

Ta tsane shi a wannan rana, tsana mai tsabta wadda ba tausayi a cikinta, kuma ba ta ji kunyar hakan ba. Ta mayar da kofunan saman kabad. Kwana biyu suka rage wa wa'adin. Ta yi niyyar naɗe hannu ta bar komai ya rushe, a cire harshen, ya ga sunan da zai rage masa. Wuni guda ta riƙe wannan niyya, tana yi masa wanka tana juya shi. Shi kuwa bai roƙe ta ba, don ya san matarsa. Idan aka cire harshen, jimlolinta ne za su ɓace daga allon mutane, kalmomin da ta tsinto a bakin famfo da layin burodi, duk shekara goma sha shidan. Shi riga mai tambari zai rasa. Ita kuwa ba ta da wani abu a duniya da ta yi da hannunta ya tsaya, sai wannan.

Ranar Alhamis da safe ta ɗauko kwamfutar ta jingina masa a ƙirji. Fayil ɗin nan ne dai, ko ɗigo ba ta sauya ba.

"Faɗi kalmar sirrin in buga."

"Juya fuskarki bango."

Ta riƙe masa kwamfutar da hannu biyu don kada ta zame, fuskarta na kallon bango, shi kuma yana laluben haruffan da yatsa ɗaya. Sau biyu yana kuskurewa, ta ci gaba da riƙewa har hannayenta suka yi tsami. Bai bar ta ta waiwayo ba sai da ya danna aikawa da kansa.

Cikin awa ɗaya aka karɓa. Duarte ya rubuta cewa mutumin da ke jinya ya fassara kusan layi dubu biyu cikin kwana biyu ya cancanci a tsaya a tafa masa. Wani mai amfani da manhajar daga Varna, Lachezar, ya ƙara da cewa ya karanta duka biyun, kuma bambancin hannun gwani da na ɗan koyo a bayyane yake. Manhajar da za ta iya nuna musu cikin daƙiƙa ɗaya cewa fayilolin biyu abu ɗaya ne tana nan a gabansu, ba wanda ya tambaye ta. Duarte, mutumin kirki, ya aiko wa Malama Doynova wasiƙa ta daban. Ya ce kada ta karaya, ta riƙa nazarin fassarar Kalchev, ta fara da ƙananan abubuwa.

Da Temenuga ta ji labari, ta ajiye ludayi ta dubi tagar hawa na biyar.

"Kuma kin ba shi abincin rana?"

"Na ba shi."

"Ni da matashi zan ba shi, a fuska." Ta tofar da yawu gefe. "Allah ya sa ki riga shi hutawa, maƙwabciya, don na ga ba ki da niyyar hutawa yana raye."

Ba haka aka yi ba. Injiniya ne ya riga ta, a watan Afrilu, bayan ciwon shanyewar ya sake buge shi karo na biyu. Aka sadaukar masa da fitowar manhajar ta wannan shekara, aka sa hotonsa na Sofiya da kwat ɗin da ta goge. Kalmar sirrinsa ta bi shi kabari. Wakilcin harshen aka miƙa wa Lachezar na Varna.

Nevyana ta yi kwana arba'in na makoki, ta raba dafaffiyar alkama a maƙabarta kamar yadda ake yi, ta wanke ɗakin ta buɗe tagogi. Tana da shekara sittin da takwas, ba mai kiranta daga gado, ba mai cewa miya ta huce. Wata rana ta buɗe kwamfutar ta ga an ƙara sababbin layuka goma sha biyu da ba a fassara ba. Ta tuna shawarar Duarte ta yi murmushi. Ga ƙaramin abu, to. Ta yini a kansu, ta juya kowace jimla har ta zauna daram, ta aika da sunan ubanta.

Lachezar mutum ne mai bin ƙa'ida. Kafin ya karanta aikin baƙo, sai ya nemi sunansa a tarihi ya ga abin da ya taɓa yi. Ya nemi Doynova, manhajar da ba ta mantuwa ta kawo masa wuri ɗaya tak da sunan ya fito, da hukuncin da ke ƙarƙashinsa. Amsarsa ta iso washegari, cikin ladabi. Ya ce marigayi Injiniya Kalchev, wanda shi ne ya gina wannan fassara da hannunsa, ya riga ya faɗi ra'ayinsa game da aikinta, kuma shi ba zai tsallake maganar malaminsa ba tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Ya gode mata da sha'awar da ta nuna.

Ta rubuta masa amsa mai tsawo, ta ambaci littattafan fensir talatin da ɗaya da ke cikin akwati a ƙarƙashin gado. Da ta karanta abin da ta rubuta, sai ta ji yadda zai shiga kunnen baƙo: wata tsohuwa da aka ƙi aikinta tana ƙoƙarin ƙwace sunan mamaci. Ta goge.

Da Satumba ta zagayo ta sauko taya Temenuga gashin tattasai, wannan karon har da nata buhun. Suka cika kwalabe, Temenuga ta rubuta a murafanta, ta miƙo mata alƙalamin.

"Ungo, sa sunanki. Nan dai ba mai cewa bai amince ba."

Nevyana ta karɓa, ta jera kwalabenta goma sha takwas a kan benci. Ta rubuta shekara a murfin kowacce, ta rufe alƙalamin ta mayar mata.